Yadda Ake Gyara Saitin Bindigar Yayan Budurwa

Wannan hanya ba ta taɓa ba wa wanda ya bi ta kunya ba. Gaskiya ne mutum ɗaya kaɗai ya gwada ta, amma ya yi nasara. Sunansa Musbahu, yana digiri na uku a Birmingham, yana neman auren Khaulat, haifaffiyar Manchester. Mahaifinta ya rasu, maganar aurenta tana hannun yayanta Habu, wanda bai yarda da kowa ba sai ƙaramar bindigarsa ta iska, wadda yake gasar harbin takarda da ita a wani kulob. Ka bi sawun Musbahu daki-daki.

1. Ka cika baki a wurin cin abinci

Ranar da aka fara gayyatarka gidansu, ka ce harbi a jininku yake. Haka Musbahu ya yi, bai kuma ambaci cewa ko danƙon harbin tsuntsu bai taɓa ja ba. Habu ya ajiye cokali.

"To, Dakta, ran Asabar sai ka zo mu ga jinin."

2. Ka je da kayan aiki

Ka shiga shago a unguwar Lozells ta Birmingham ka sayi ƙaramin sukundireba da alanki na kwance sukurori, ka soke su a aljihun gaba inda kowa zai gani. Ba a tambayar mai kayan aiki ko ya iya. Bidiyon koyarwa kuwa, rabinsa ya ishe ka a jirgin ƙasa kan hanyar Manchester.

3. Ka harba, ka tsuke fuska

Takardar tana nesa da mita goma, da baƙin ɗigo a tsakiya. Musbahu ya yi ta harbi da bindigar Habu, takardar ta dawo fes, har ana iya ba wa na bayansa. Kada ka nuna damuwa. Ka ajiye bindigar, ka ƙura wa bayanta ido kamar likita ya ga abin da ba ya so.

"Yaya Habu, yaushe rabon da a duba saitin nan?"

"Shekara da shekaru ina cin kofi da shi a haka."

"Shi ya sa. Ya gaji."

4. Ka murɗa

A bayan bindigar akwai 'yan sukurori biyu, ɗaya na kai harbi sama ko ƙasa, ɗaya hagu ko dama. Masana sun ce a murɗa kaɗan, a gwada, a tuna inda aka faro. Wannan na marasa gaggawa ne. Kai ka jira mai bindigar ya fita amsa waya.

Musbahu ya kama sukurorin ya yi ta juyawa har suka cije. Khaulat tana tsaye a bayansa, hannu a harɗe.

"Ka san abin da kake yi kuwa?"

"Haba, Khaulat. Aikinmu ne."

"Ba ƙasar noma kake karanta ba?"

"Duk awo ne."

5. Ka miƙa wa mai ita

Nan ne gwanintar take. Habu ya dawo, abokansa na kulob sun taru.

"Kawo in nuna maka. Ba ruwan saiti, hannu ne."

Ya gyara tsayuwa, ya ɗauke numfashi, ya ja kunama. Ƙwayar harsashin ta huda takardar wani dattijon Bature da ke gefensa. Dattijon ya leƙo, ya yi godiya cikin ladabi. Habu ya sake harbi, ya ƙara masa wata.

Yanzu zaɓi biyu ya rage masa: ko ya amince a gaban abokansa cewa hannunsa ya lalace, ko ya yarda da maganarka. Ya daɗe yana kallon bindigar.

"Lallai saitin nan da matsala."

"Ai na faɗa, Yaya."

Ka lura, wannan ne karon farko da bakinku ya zo ɗaya.

6. Ka kama bakinka a mota

A hanyar tasha Khaulat sai tarin da ba na mura ba take ta yi. Da suka tsaya, Habu ya kashe mota.

"Dakta, na ga sawun sukundireba a kan sukurorina."

Musbahu ya duba takalminsa.

"Amma mutumin da bai iya samun takarda tana tsaye tana kallonsa ba, ba na jin zai cutar da ƙanwata. Ka turo kawunnanka. Ka gaya musu su zo da hannayensu a aljihu."

Gargaɗi

Marubucin nan bai san ka ba, bai kuma aike ka ba. Idan yayan taka budurwar ba shi da abokan da zai ji kunyarsu, ko kuma kulob ɗin ya raka ka har bakin ƙofa, kai ka jiyo. Shi dai Musbahu an sa masa rana. Habu kuwa yana can yana laluben inda saitinsa yake a da, gasa ta matso, ya kuma ce duk wanda ya zo masa da shawara ya tabbata ba aure yake nema ba.