Yadda Kwamanda Ya Tsare Gimbiya

"Lamba tara, makullin kicin."

"Yana nan."

"Lamba goma, makullin akwatin mita."

"Yana nan."

Shi ke kira, shi ke amsawa. Haka Kwamanda yake buɗe kowace safiya, a tsaye gaban allon makullai da ke bangon falo, ya tsuke ciki, ya ɗaga haɓa, shayinsa yana hucewa a kan tebur. Irin wannan mutum ba kullum ake haifarsa ba. Bai taɓa shiga soja ba, bai taɓa riƙe makamin da ya wuce laima ba, amma shekara talatin da biyu ya yi yana riƙe da makullan sito a wata ma'aikata, kuma ko allura ba ta ɓata ba, in ka cire abin da ɓeraye suka ci. Su kuwa ba da makulli suke shiga ba.

Ranar da ya yi ritaya aka canja kwaɗunan siton, aka bar masa tsofaffin makullan. Guda arba'in da ɗaya ne, babu wanda yake buɗe komai a duniyar nan, kuma su yake ratayawa a ƙugu. Tun daga kwanar layi za ka ji shi tafe, kacau, kacau, kamar raƙumin da ya yi ado. A bayan idonsa Kwamanda Kacau ake ce masa. A gabansa sai a tsaya a Kwamanda. Da aka kafa kwamitin tsaro na unguwa, wa za a ba kujera in ba mai wannan ƙara ba?

Makullan da ke aiki kuwa suna jikin allo, kowanne da ƙusarsa, kowace ƙusa da takarda a ƙarƙashinta, an rubuta da manyan baƙaƙe, yadda ko baƙo ya shigo ba zai wahala ba. Lamba goma sha biyu: MOTA. Lamba goma sha uku: MOTA, NA AJIYA. Ya jera su kafaɗa da kafaɗa don kada ɗaya ya yi kewar ɗaya.

Motar ita ce Gimbiya. A ƙuruciyarta launinta na sararin sama ne bayan an ɗauke ruwa. Yanzu ta koma launin sama kafin a fara. Tana kwance a harabar gida, a lulluɓe da tamfol har ƙasa, ba ta fita sai sau biyu a wata, kuma ba ta tashi sai maƙwabta huɗu sun sa mata hannu a baya. Jahilai suna kiran wannan turi. Kwamanda yana kiransa rakiya.

Ran Talata da hantsi Kwamanda ya tara layin gaba ɗaya a harabar gidan Tela, mataimakinsa, ya gabatar da lacca mai taken "Yadda Ake Cire wa Ɓarawo Sha'awar Gidanka". Ya hana kowa zama a gida, domin ilimi ba a aiko shi. Awa biyu yana magana. Matarsa, Maman 'Yan Biyu, ta tafi asibiti duba ƙanwarta. A cikin awa biyun nan wani bawan Allah ya shigo ta tagar kicin, ya ɗauki rediyo da dutsen guga, ya tsaya gaban allo ya yi karatu, ya tafi da lamba goma sha biyu da goma sha uku.

Da labari ya bazu, Tela ne ya fara zuwa jaje. Ya girgiza kai, ya yi salati, idonsa kuwa yana kan kujerar Kwamanda, wata mai hannu biyu da matashi, wadda shugaban kwamiti kaɗai ke zama a kanta in an yi taro a falon.

"Ranka ya daɗe, rediyo ba komai ba ne," in ji Tela. "Amma in motar shugaban tsaro ta bi, ka san bakin mutane. Za su ce a sake zaɓe."

Kwamanda ya miƙe, ƙugunsa ya yi tsawa.

"Wannan ba sata ba ce, Tela, ƙalubale ne! Ƙwararru ne, an turo su. Sun ɗauki makulli yau don su dawo su ɗauki Gimbiya gobe. To, a gaya musu, sun taɓo mai sito. Daga yanzu kada wanda ya ɗaga tamfol ɗin nan. Shaida ce. Akwai zanen yatsu a jikinta."

"Baban 'Yan Biyu," in ji matarsa, "da dai an leƙa cikinta, ko sun taɓa wani abu."

"Ke da Allah, harkar tsaro ce. Ki bar wa masu ita."

Washegari aka kira Bakanike. Mutum ne mai ƙarancin magana da yawan baƙin mai a farce. Ya zagaya tamfol sau ɗaya, ya ce aikin ba shi da wuya: a zura wayar ƙarfe a buɗe ƙofa, a canja mazaunin makulli, kafin azahar tsohon makullin ya zama ƙarfe kawai.

Kwamanda ya yi murmushin tausayi, irin wanda likita ke yi wa mai sayar da maganin bakin titi.

"Waya? A jikin Gimbiya? Kai ɗan nan, tunaninka gajere ne. In ka canja makulli, ɓarawo zai canja dabara. Ni so nake in canja masa rayuwa. Cire mata ƙafafu."

Bakanike ya ɗage tamfol iya gwiwa, kamar yadda aka ba shi izini, ya kwance tayoyi huɗu, ya ɗora Gimbiya a kan bulo. Aka mirgina tayoyin zuwa ɗakin kwana, aka tura ƙarƙashin gado. Gadon ya ɗaga ta gefe ɗaya, Maman 'Yan Biyu ta koma kwana a gangare.

Amma zuciyar babban mutum ba ta hutawa. Ashe ɓarawo ba zai iya zuwa da nasa tayoyin ba? Ran Alhamis aka kawo sarƙa, aka naɗe Gimbiya da tamfol ɗinta zagaye bakwai, aka ɗaure a jikin bishiyar harabar, aka sa kwaɗo uku. Makullan kwaɗunan suka samu ƙusa da takarda a jikin allo: SARƘAR MOTA, ɗaya, biyu, uku. Tsari tsari ne.

Ran Juma'a ya tuna akwai zarto a duniya.

Ran Asabar Magini ya iso da bulo da siminti. Ya ja igiya, ya auna, ya tsuguna, sannan ya ɗago kai.

"Alhaji, ta wane gefe za a bar ƙofa?"

"Ƙofa?" Kwamanda ya dubi jama'ar da suka taru kallo, don su shaida. "Kun ji ko? Shekara talatin da biyu ina nazarin ɓarayi, ban taɓa ganin wanda ya shiga ta inda babu hanya ba. Ƙofa gayyata ce. Taga kuwa, kun ga abin da ta jawo mini. Ɗora bulo."

"To in za ka fita da ita fa?" in ji matarsa.

"Wannan mataki na biyu ne. Muna mataki na ɗaya."

Kwana huɗu katanga tana tashi. Ta rufe inda tayoyi suke a da, ta rufe ƙofofi, ta wuce kan Gimbiya, aka yi mata rufin kwano aka buga ƙusa. Tsuntsayen da suka saba sauka a kan tamfol suka zo suka yi shawagi suka koma. A tsakiyar harabar sai ga wani ɗaki fari, shiru, ba ido ba baki, kamar an binne wani babban sarki da ba a son ya tashi.

Ranar da fenti ya bushe, Kwamanda ya kira kwamiti falonsa don ya bayyana musu darasin. Ya zauna a kujera mai matashi, ya buɗe takarda shafi shida. Yana shafi na biyu aka yi sallama. Ɗan sanda ne, riƙe da wani siririn mutum mai furfura a gemu, da ankwa a hannu. An kama shi a wata unguwa, ana zagayawa da shi gidajen da ya shiga. Rediyo da dutsen guga suna cikin buhu.

Kwamanda ya miƙe a hankali. Wannan rana ya daɗe yana jiranta.

"Kai ne shugabansu? Leƙa ta taga. Ka ga wancan ginin? Saboda kai aka yi shi. Yanzu faɗa wa jama'a ranar da kuka shirya dawowa, sannan ka fito da makullaina."

Mutumin ya leƙa, ya daɗe yana kallo, ya juyo.

"Baba, wace dawowa? Ai a ranar na gwada ta."

Ya gyara tsayuwa, ya ci gaba.

"Na ɗaga tamfol, na shiga, na murɗa. Ta yi tari uku ta yi shiru. Na sake murɗawa, ta yi wani irin nishi, wallahi sai da na tuna kakata. Na ce wannan ko an ba ni ita, ina zan sami masu turi? Sai na bar makullan a jiki, duka biyun, na ja ƙofar ban ma kulle ba, na mayar mata da mayafinta yadda na same shi. Ba ku duba ba ne?"

Babu wanda ya dubi Maman 'Yan Biyu. Ita kuwa ta ajiye farantin kofuna a kan tebur da wata irin natsuwa da ta fi ihu ƙara.

Wata tsohuwa maƙwabciya, wadda ciwon ƙafa ya hana ta zuwa lacca ran Talata, ta ce, "Af, ni fa na ji tarin nan. Na ɗauka Kwamanda ne yake ɗumama ta."

Kwamanda ya matso gaba. Ba makullan ne suka dame shi ba, ba kuma katangar ba.

"Ba ka iya ba ne!" ya daka wa ɓarawon tsawa. "Sai an taka totur sau biyar, a jira, a yi mata magana! Motar nan lafiyarta ƙalau! Ko yau ka dawo, tashi za ta yi!"

"To, Baba," in ji ɓarawon cikin ladabi. "Ta ina zan shiga?"

Ɗan sandan ya juya fuska yana gyara hular da ba ta karkace ba. Wani a bayan falo ya yi tari, tari uku, ya yi shiru.

Kwamanda ya naɗe takardarsa shafi shida, ya sanar da cewa zai je ya duba wani al'amari na gaggawa da ya shafi mataki na biyu. Ya dunƙule makullan ƙugunsa arba'in da ɗaya a tafin hannu, ya matse su gam, ya bi ta tsakanin gwiwoyin jama'a. Karo na farko tun da ya yi ritaya, ya fita daga ɗaki ba a ji fitarsa ba. Abin da aka ji kawai shi ne ƙarar kujera mai matashi, Tela yana gyara zama.