Ranar Da Na Je Ɗauko Baba Daga Gandu

Ba zan taɓa mantawa da daminar da ta biyo bayan ba mu Jihar Kebbi ba. Ko na so in manta, mutanen ƙauyenmu ba za su bar ni ba.

Lokacin tauraruwata na haskawa a kasuwar Yelwa. Dillalin shinkafa ne ni, in tauna ƙwaya ɗaya in faɗa maka fadamar da aka nome ta. Na gina gidan siminti, na ware ɗaki guda na zuba katifa da fanka, na ce na Baba ne. Mahaifina ya tsufa, idonsa ya tafi, yana can ƙauyenmu bayan Warra a gidan gandu tare da yayyena uku da matansu da tulin jikoki. Matan suna karɓa-karɓar dama masa kunu, yayyena suna yi masa wanka, kullum da safe a ɗora shi kan jaki a kai shi gona, a zaunar da shi gindin tsamiya. Ni a wurina wannan wahalar da tsoho ne. (Shekara goma sha biyu rabona da hauya, amma ni ne masanin wahala.)

Na yi shatar a-kori-kura, na sha shadda mai sitaci, na nufi ƙauye da niyyar ba zan dawo ba sai da Baba. Ashe ranar ake gayyar noman fadamarsa a bakin tafki. Rabin gari na duƙe cikin shinkafa, makaɗi na bin su da ganga, mata sun jera ƙoren fura.

Tun da Baba ya makance, da tafin hannu yake gane mutane. Ka miƙa masa, ya shafa kantar da hauya ta bar maka, ya kira sunanka. Sai na durƙusa na miƙa nawa ban ce uffan ba, don jama'a su ga yadda uba ke gane autansa.

Ya shafa. Ya juya hannun, ya sake shafawa.

"Sannu da zuwa, 'yata," in ji shi. "Ke ce malamar asibitin da aka ce za ta zo rigakafi?"

Tumba, matar babban yayana Garba, ta saki ludayi don dariya. "Baba, autanka ne fa!"

"Auta? Wanga hannu mai laushin tuwon shinkafa?"

Mai hankali da ya ja bakinsa a nan. Ni kuwa miƙewa na yi na karkaɗe riga na hau jawabi: zamani ya canza, ga jiha sabuwa, bai kamata tsoho ya ƙare rayuwarsa kan jaki ba, yau zan tafi da shi birni. Yaya Garba ya bari na kai aya, sannan ya miƙo min hauya.

"Mun ji, Alhaji. Amma ka san ƙa'idar gidanga. Ba mai magana kan tsoho sai wanda ya fidda layinsa a gonar tsoho."

Na tuɓe babbar riga na shiga. Makaɗi ya dawo kaina yana koɗa ni, kaina ya kumbura. Na dinga sara, na wuce na damana, na wuce na haguna. Da na ga mutane suna miƙewa ɗaya bayan ɗaya suna kallona, sai na ƙara wuta. (Wallahi na ɗauka sha'awa ce.) Ina dab da ƙarshen layi na biyu ganga ta ɗauke.

Yaya Garba ya bi bayana ya tattaro abin da na sare, rungume guda, ya kai wa Baba ya aje masa a cinya. Baba ya murza ganyen, ya shinshina.

"Wa ya sako shanu cikin gonata?"

"Ba shanu ba ne, Baba. Dillalin shinkafa ne."

Na waiwaya. Akwai wata ciyawa da ke tashi tare da shinkafa, kamanninsu ɗaya in ba ka duba gindi ba, ita ce ma ta fi tsayi da kore. To ita na bari, har ina tara mata ƙasa don ta ji daɗi. Shinkafar kuwa na kwantar da ita kaf, layi biyu.

Tumba ta toshe hanci ta rangaɗa guɗa. Makaɗi ya sake saɓa gangarsa, nan take ya yi min taken "Alhaji mai noman ciyawa", fadama duka ta amsa. Na nemi ƙasa ta tsage, amma ƙasar fadama ce, sai dai ta riƙe min takalmi.

Baba ya ce in matso. Ya kama hannuna, duk ya yi bororo har wasu sun fashe.

"To, yanzu ya fara kama da na gidanmu," in ji shi. "Auta, da gwamnati ta datse kogi, ruwa ya tashe ni daga tsibirinmu sau ɗaya, ban iya yi masa gardama ba. Kai ba ruwa ba ne. Nan kullum hannu arba'in ke wucewa ta cikin nawa. A ɗakinka na Yelwa hannun wa zan shafa? Na fanka?"

A-kori-kura ta koma ba Baba. Sati na zagayowa ta kawo katifar nan ƙauye. Ni kuma aka saka ni cikin karɓa-karɓa: duk Asabar in zo in yi masa wanka in kai shi gona, har Allah ya karɓi abinsa bayan damina huɗu. Hauya dai an haramta min ita. Jaki aka ba ni, shi ma don ya san hanya ne.

Har yau in na taya shinkafar mutanen Warra da arha, sai wani ya ce, "Alhaji, ko ciyawa za mu kawo maka?" Sai in biya yadda suka ce. Abin da na koya ke nan: kafin ka je raba tsoho da gonarsa, ka tabbata za ka iya raba shinkafa da ciyawa.