Kawu Barmo da Sabuwar Duniya

Akwai wani malamin sakandare a Funtuwa, ana ce masa Malam Haladu, labarin ƙasa yake koyarwa. Mutum ne mai kunya, irin kunyar nan da ke cutar mai ita. In ka taka masa ƙafa, shi zai riga ka ba da haƙuri. To wannan kunya ce ta mayar da shi kwana a zaure, a gidan da ya gina da guminsa.

Wan mahaifiyarsa ne, Kawu Barmo, ya zo daga ƙauye a duba masa gwiwa a asibiti. Ya ce kwana biyu zai yi. Lokacin mangwaro yana fure. Haladu ya yi abin da ɗan halas zai yi, ya kwashi tabarma da filo ya koma zaure, ya bar wa Kawu ɗakinsa da gado da fanka da rediyo. Aka duba gwiwa, gwiwa ta warke sarai, har Kawu yana takawa kasuwa a ƙafa ya dawo yana kushe tumatirin birni. Mangwaro ya nuna, aka sha, ya ƙare. Damina ta sauka, aka yi shuka, aka yi noma, gero ya fid da kai. Kawu yana nan daram. An ce baƙo raɓa ne, amma wannan raɓa rana ta fito ta gan ta, ta koma ta bar ta.

Da ma a ce yana zaman ne da godiya. Ina! Bayan tagar ɗakin akwai injin niƙan maƙwabta, kuma kullum injin ya tashi sai Kawu ya girgiza kai.

"Gidan nan naka ba laifi, Haladu, sai dai ba ka iya zaɓen wuri ba. Wa ke gina ɗaki a gindin injin niƙa?"

Haladu sai ya ce, "A yi haƙuri, Kawu."

Ku ji fa. Mai kwana a zaure da sauro shi ke ba mai fanka haƙuri.

Ba wai bai yi dabara ba. Ai ba a duban baƙo a ce masa yaushe za ka tafi, balle kawu. In maganar ta isa kunnen mahaifiyarsa, ƙauye kaf sai a ce Haladu ya yi boko ya kori ɗan'uwan uwarsa. Don haka ya bi ta bayan gida. Ya sayo tsaraba, burodi da sukari da sabulu da turmin atamfa, ya jere a gaban Kawu ya ce a kai wa mutanen gida. Duk mai hankali ya san in an ba baƙo tsaraba, hanya ake nuna masa. Kawu ya sa albarka, ya cinye burodin da shayi, ya yi wanka da sabulun, atamfar kuwa ya ba direban motar garinsu ya kai. Wata rana kuma Haladu ya ce, "Kawu, mutanen gida fa suna kewarka." Kawu ya ce ai ya yi waya, sun ce ya zauna ya huta, kada ya damu da su ko kaɗan. Haladu ya yarda sun faɗa. Da shi ne su, shi ma abin da zai faɗa ke nan.

Wadda haƙurinta ya fara ƙarewa ita ce Rakiya, matar Haladu. Ita ke tuƙa tuwon da Kawu zai ce ya yi ruwa, ita ke dama kunun da zai ce ya yi kauri. Wata safiya ta tare mijin a bakin madafi.

"Malam, ko ka yi masa magana, ko ni in tafi ganin gida."

"Haba Rakiya, ganin gida kuma? Na kwana nawa?"

"Kwana biyu," in ji ta. "Irin na Kawu."

Kuma ba da wasa take ba, don da ya dawo daga makaranta ya tarar da akwatinta a bakin ƙofar ɗaki, an ɗaure shi da ɗankwali. Ɗaki ya tafi, yanzu mata za ta bi ɗaki.

Ran nan bayan la'asar suna zaune a tsakar gida ƙarƙashin darbejiya. Kawu ya miƙe ƙafa a tabarma, rediyon Haladu a cinyarsa, yana murɗa shi kamar da shi aka haife shi. Sai ya faɗa kan wani shiri na kimiyya. Mai shirin yana bayanin yadda masu binciken sararin samaniya suka duƙufa da manyan na'urorin hangen nesa, suna neman wasu duniyoyi da ke kewaya waɗansu taurari, ko za a dace da wadda ɗan Adam zai iya zama a cikinta.

Kawu ya rage murya. "Kai malamin boko, me wannan yake cewa? Wata duniya kuma? Wannan ɗin an gama da ita ne?"

Haladu ya ga dama ta samu. Ga fanninsa, ga kuma zancen tashi daga wani wuri a koma wani. Ya ce a ransa faɗuwa ta zo daidai da zama. Ya gyara murya irin ta aji.

"Ka ga taurarin nan, Kawu, kowane ɗaya rana ce kamar tamu, nisa ne ya ƙanƙantar da ita. To da yawa cikinsu suna da duniyoyi masu kewaya su, yadda tamu take kewaya rana."

"Sun gan su da idonsu?"

"Galibi a'a. Tauraron suke zuba wa ido. In hasken ya ɗan dushe ya dawo, ya sake dushewa ya dawo, sai su gane wani abu ne yake giftawa ta gabansa. Kamar ƙwaro ya gifta gaban fitila."

"Wato ba su ga gonar ba, inuwarta suka gani." Kawu ya tsartar da yawu gefe. "Haka wani dillali ya nuna wa mutumin garinmu fadama daga kan tudu. Da aka je aka tarar kogi ne."

Haladu ya daure ya ci gaba. Ya ce ba kowace duniya ake so ba. Ana neman wadda ba ta matsa kusa da ranarta ba har ta ƙone, ba ta kuma yi nisa ba har ta daskare, kamar mai jin ɗumi a bakin murhu. A irin wannan ce ruwa zai iya kwanciya, in an samu ruwa kuwa ana sa ran rai.

"Gero zai yi?"

"Ba a sani ba tukuna, Kawu."

"Ba a san ko gero zai yi ba, ake ta wannan surutu a rediyo?"

"Ai bincike ne. Wasu ma ana jin fuska ɗaya suke ba ranarsu kullum. Gefe guda rana ba ta faɗuwa, gefe guda ba ta fitowa."

Kawu ya zaro ido. "Rana ba ta faɗuwa? To azumi fa? Yaushe za a sha ruwa?" Ya yi ɗan lissafi da yatsu, sannan ya ce, "Na san mutanen garinmu. Watan azumi na kamawa duk za su kwashe su koma gefen duhu."

Daga madafi aka ji Rakiya ta dire tukunya da ƙarfi. Haladu ya fahimci saƙon. Ya matso, ya sassauta murya, ya saki kibiyar da ya daɗe yana wasawa.

"Abin da nake so ka duba, Kawu, shi ne hikimar mutanen nan. Suna da inda suke zaune, amma sun san ba a dawwama a wuri. Ko Hausawa sun ce zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi."

"Kifi ya faɗa," in ji Kawu. "Shi ya sa kullum ake ganinsa a kasko."

Haladu ya haɗiye wannan. Ya sake zagayowa.

"To yanzu da za a tabbatar da wata, ga ruwa, ga iska mai daɗi, ga fili iya ganinka ba mai shi, babu sauro, babu injin niƙa. A ce ga kujera kyauta a kumbo. Ba za ka je ba?"

Kawu ya dube shi kamar ya tambaye shi ko zai ci kare.

"Wa gare ni can?"

"Ai babu kowa, Kawu. Daɗin abin ke nan."

"Daɗi? Kai yaro ne har yanzu. Ni tun da uwata ta haife ni ban taɓa sa ƙafa a garin da ba ni da mai masauki ba. Kano na je, wurin ɗan ƙanena na sauka. Legas na je, wurin surukin maƙwabcina na sauka, sai da na ga Sallah biyu. Su waɗannan masu hangen naka, da karatunsu da komai, ta wutsiya suka kamo abin. Suna neman ruwa, suna neman iska. Mutum ake fara nema! In kana da naka a wuri, ruwa har inda kake zaune zai same ka, a kofi."

Kamar an shirya, sai ga Rakiya ta fito ta durƙusa ta ajiye masa kofin kunu. Kallon da ta yi wa mijinta ya isa a dafa wake da shi. Ta koma, a hanya ta gyara wa akwatinta zama.

Kawu ya kurɓa, ya yamutsa fuska, ya ce ya yi kauri, ya shanye. Sannan ya dafa goshi.

"Af, tsufa! Na manta ban gaya maka ba. Iya Kulu tana tafe ranar kasuwa." Iya Kulu matarsa ce. "Bayanta ke damunta, na ce ta zo likitan nan naku ya duba. Kada ku wahalar da kanku, kwana biyu za ta yi."

A daidai nan injin niƙa ya tashi, gidan ya ɗauki rawa. Kawu ya girgiza kai, ya buɗe baki zai yi karatun da ya saba.

To ko tulu in ya cika sai ya tumbatsa. Haladu, mutumin da bai taɓa ɗaga wa ko akuya murya ba, ya miƙe tsaye zumbur, hularsa ta faɗi bai kula ba. Baƙin cikin watanni ya taso masa gaba ɗaya, sauron zaure, tsarabar da aka cinye, akwatin da ke bakin ƙofa.

"Wallahi tallahi, Kawu, ranar da aka ce an samu duniyar nan, ni ne na farko a kumbon! Ko babu ruwa! Ko babu iska! Ko rana ba ta faɗuwa, na yarda in yi azumin har in mutu! In tafi in bar muku wannan duniyar ɗungurungum, da gidan, da gadon, da fankar, da rediyon!"

Ya tsaya yana haki. Muciya ta tsaya a madafi, Rakiya ta leƙo. Haladu ya san ya yi abin da ba a yi, gobe war haka labari yana gaban mahaifiyarsa. Amma can ƙasan zuciyarsa wani sanyi yake ji. Ko ba komai an faɗa. Yanzu Kawu zai tashi cikin fushi ya naɗe kayansa, a yi ta ban baki, daga baya a shirya.

Kawu ya kashe rediyo. Ya ɗaga kai ya dubi ɗan 'yar'uwarsa tun daga ƙafa har kai. A hankali fuskarsa ta washe, har wawulonsa ya bayyana.

"Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Ka ga an samu mai masauki. Sai dai don Allah wannan karon ka buɗe ido, kada ka gina mini ɗaki a gindin injin niƙa."