Yadda Za Ka Yi Muryar Kwaɗo Surukinka Bai Gane Ka Ba

Kai mai neman aure da aka ce ka zo ka yi murya a fim, zauna. Dabarun nan ba su taɓa ba kowa kunya ba, in ka cire Labbo mai albasa na Argungu, shi ma don bai saurare ni ba ne.

1. Karɓi aikin da fuskarka ba ta fitowa

Mujtaba na Gwadangaji yana gina 'yan dabbobi da yumɓu. Ya ɗan motsa musu ƙafa ya ɗauki hoto, ya ƙara motsawa ya ƙara ɗauka, har su yi tafiya kamar masu rai. Murya kawai suka rasa. Labbo aka ba kwaɗo. Ya ji daɗi ƙwarai, domin Malam Kalilu na Zauro, mahaifin Nazifa da yake nema, ya rantse ba ya ba ɗan fim ɗiyarsa.

2. Binne harshen gidanku

Toshe hanci ka ari Kananci. Kada ka ce "wanga", ce "wannan". "Lahiya" kuwa haramun ce a kanka har a gama. Masana sun tabbatar kwaɗin Kano sun fi ɓad da kama.

3. Bi bakin kwaɗo, kada ka wuce shi

Bakin yumɓu ba ya sauri. In ya rufe, rufe naka, ko kana tsakiyar kalma. Labbo ya iya wannan, ya saba haɗiye magana gaban manya.

4. Kada ka rufe ido

Nan bawan Allah ya kwafsa. An zo inda kwaɗo zai gai da giwan ruwa, sarkin kifaye, sai Mujtaba ya ce, "Tsugunna, ka tuno wanda ka fi jin tsoro." Labbo ya rufe ido. Wa zai gani? Malam Kalilu bisa buzu! Kananci ya gudu.

"Baba, an kwan lahiya? Ina gajiya? Ya shinkahwa?"

Mujtaba ya yi dariya har da hawaye, ya ce wallahi ba ya gogewa.

5. In fim ya shiga wayoyi, je gaisuwa kamar ba kai ba

Labbo ya je Zauro, don yana son Nazifa ba da wasa ba. Ya cire takalmi ya tsugunna, hannaye a ƙasa. Ka taɓa lura da zaman kwaɗo? To.

Tsohon ya dubi waya, ya dubi Labbo.

"Wane kihi ka noman shinkahwa?"

"Baba, ai..."

"Gaisuwata ka kai ma kihi. Ashe ni na kihin."

Labbo ya ga aure yana suɓuce masa. Malam Kalilu ya gyara zama.

"Kwaɗon dai yana da ladabi, na ba shi Nazifa. Amma wanda ya yi muryata bai da kwarjini ko kaɗan. Hwaɗa ma yaron ga mai yumɓu, in an tashi wani fim, ni zan yi abuna."

Gargaɗi

Ba ruwana da abin da ya biyo baya. In an ɗaura aure kana ango amma kasuwar albasa kaf tana kiranka Kwaɗo, in amarya ta ce sai ka yi kukan damina kafin ta zuba maka tuwo, kada ka neme ni. Labbo ya neme ni, na ce masa ya yi haƙuri, yanzu surukinsa abokin aikinsa ne, kuma kullum shi ke cinye shi a fim.