Ranar da Na Katse Kiran La'asar

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na katse wa mijina kiran salla, ni da nake yi wa matan unguwa faɗa kan wasa da ibada.

Shekarun da aka ƙaddamar da Shari'a ne, itace ya yi tsada, kananzir sai an bi layi. Mijina, Malam, shi ne ladanin masallacin unguwarmu a Gwarzo, ga sanyin ƙashi ya kama masa yatsu. In ya yi alwala da ruwan randa, ko carbi ba ya iya ja. Sai 'yarmu Binta ta aiko daga Kano da wata 'yar na'ura da ake ɗaura wa famfo: ruwa ya shiga da sanyi, ya fito da zafi, babu tukunya, babu jira.

Na kira Sale mai gyaran wuta. Ya tsaya a zaure yana jujjuya ta.

"Hajiya, wannan abar cin wuta gare ta kamar me. Sai an ja mata waya mai kauri tun daga mita, ita kaɗai, da makunninta, da wayar ƙasa."

"Kai Sale, ni za ka yi wa wayo? Yanzu fa ina karatu!"

(Watana takwas ke nan a ajin yaƙi da jahilci. Ko allon shago na gani sai na tsaya na karanta wa mai shagon.)

Na sallame shi, na zauna na karanta rubutun da ke jikin kwalin na'urar. Na ce waya ai waya ce. Na jona ta da kaina a soket ɗin da nake guga, wanda daga jikinsa Malam ya ja wa lasifikar masallaci wuta, sadaka.

Na kuma gayyato 'yan ajinmu su zo su ga ikon Allah. La'asar ta yi, Malam ya ɗaga murya, ni kuma na murɗa famfo. Ruwa ya fara ɗumi, mata suka rangaɗa guɗa. Sai warin roba. Sai tartsatsi, fat! Muryar Malam ta ɗauke a tsakiyar kalma.

Sai Inna Ladi, 'yar Getso, ta ce, "Hajiya, ko karatun ne ya ƙone?"

Daga masallaci muka jiyo Malam yana ƙarasa kiran da zallar muryarsa, tana rawa, irin yadda nake jin sa ina amarya. Wallahi sai da na yi hawaye.

Da ya dawo na shige ɗaki na ƙudundune. Ya tsaya a bakin ƙofa.

"Uwar Binta, don ni kika yi?"

"To don wa zan yi?"

Ya yi dariya har da tari. "Shekara talatin kina rufe min baki a gida, yau kin biyo ni masallaci."

Washegari da ƙafata na je na ba Sale haƙuri. Ya ja wayarsa mai kaurin yatsa, ya gyara ta masallaci. Da asuba na ga Malam ya tara hannu a ruwan ɗumi, ya daɗe bai janye ba.

Tun daga ranar na gane karanta kwali daban, sanin abin da ke ciki daban. Yanzu in mai sana'a yana magana, shiru nake yi. Na minti biyu dai.