Hukuncin da Na Yanke wa Akwatin Famfo

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da matan lambun Sukukutane suka yi mini sallama a Dogon Dutsi ba. Shekara talatin da biyu na koyar da kimiyya, shi ya sa har yau ake kirana Mushe, kamar yadda ake kiran malamin lakol, wato makarantar boko. Da na aje aiki, 'yata ta aiko mini da osiloskop, na'urar da ke zana bugun lantarki a fuskar gilashi, na mai da shi abin alfaharina.

Shugabarsu, Inna Dije, ta ajiye akwatin da ke sarrafa famfonsu na hasken rana. Ta ce kwana uku babu ruwa, albasa ta fara kwanciya. Taubashina Ɗan-Jimma, wanda ya rako su, ya samu wuri ya zauna.

Na sa tabarau, na haɗa wa akwatin batir, na ɗora masa tsinken awo na osiloskop. Lafiyayyen akwati yakan zana tudu da kwari masu kusurwa. Wannan kuwa layi ɗaya ya shimfiɗa, miƙaƙƙe. Na yi bayani mai tsawo (har da Faransanci, wanda babu mai buƙatarsa), sannan na yanke hukunci: akwati ya mutu, sai a nemo sabo daga Yamai.

Inna Dije ta ce, "Kahin ya iso, albasa ta ƙone."

A nan mai ɗakina, wadda ta kawo musu ruwa, ta leƙa ta ce, "Malam, tsinken ga na hannunka, amma zanen bai motsa ba. Haka na gane shi tun jiya da nike shara."

Jiya na danna maɓallin da ke daskarar da hoto, na manta. Layin jiya nake ta yi wa tafsiri. Na sake dannawa, na mai da tsinken, sai ga tudu da kwari suna gudu, ƙalau.

Ɗan-Jimma ya ce, "Ashe akwati na da rai. Mushen guda na cikin ɗakin ga, kuma ga shi da tabarau."

Na haɗiye zolayar, domin dariyar Inna Dije ta fi mini komai daɗi. Da aka koma lambun aka duba, waya ce kawai ta kwance a gindin famfo. Aka ɗaure ta, kafin la'asar ruwa ya zubo.

Tun ranar, ba na sanar da mutuwar kowane abu sai mai ɗakina ta ga gawar.