Ranar da Rumbun Surukina Ya Kira Salla

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na ɓoye gari guda a cikin rumbu ba, ko da yake Allah ya sani na yi ƙoƙarin mantawar.

Lokacin ina ƙaramin ma'aikaci a wata meri, wato ofishin magajin gari, ta yankin Malbaza. Gwamnati ta fito da shirin raya yawon buɗe ido a karkara: za a zaɓi ƙauye ɗaya a yankinmu, a gina masa masaukin baƙi, a gyara hanyarsa. Hanyar ce kowa ke so, domin da damina ko amalanke ba ya shiga garin matata, can bayan Dogarawa. Na yi ta kai da kawo har aka sa garin cikin waɗanda za a duba.

Sai na je na sami surukina, wanda shi ne maigari, na yi masa bayani irin na wanda ya san duniya (iyakar tafiyata Yamai ce, ita ma jinya ta kai ni). Na ce baƙo gargajiya yake nema, duk wani abin zamani a kau da shi. Aka lulluɓe allunan sola da zana, aka jibga kara a kan famfo, aka rufe injin niƙa, mata suka fito da turame suna harara ta. Babura aka kai bayan gari. Wayoyin salula kuwa na bi gida gida na tattara, na zuba a rumbun surukina.

Tsohon ya dube ni ya ce, "Ɗana, ka tabbata haka a ka yi?"

Na ce, "Baba, ku bar mini wannan."

Bayan azahar tawagar ta iso, wata madam daga Yamai ke jagoranta. Na zaga da su ina ta zuba, ina nuna turmi kamar ni na ƙirƙiro shi. Ita kuwa ba ta ko kalli turmin ba. Ta tambayi inda baƙo zai sami ruwa mai tsabta, na nuna tsohuwar rijiya. Ta tambayi wuta, na ce da alfahari, "Mu nan sai farin wata." Ta ce to rezon waya fa? Na ce ai nan ba wanda ya san salula. Na ga fuskarta tana sauyawa, na ɗauka sha'awa ce.

Muna tsaye gindin rumbun la'asar ta yi. Ashe ban kashe ko waya ɗaya ba. Rumbu ya ɗauki kiran salla, wannan ladan na farawa wancan na tarar numfashinsa, wata wayar kuma ta saki waƙar Indiya. Kaji suka watse. Ni dai na tsaya ina kallon ƙafafuna.

Madam ba ta yi dariya ba, kuma wannan ya fi yi mini ciwo. Ta ce a gajiye, "Malam, wurin da ke da ruwa da wuta muka zo nema. Baƙo ma mutum ne, yana wanka, yana cajin waya." Na fara yaye zana ina rantsuwa, amma rana ta yi sanyi, ga wani ƙauyen na jiran su wajen Tajaye. Can aka kai masaukin, can aka kai hanyar.

Da motocinsu suka tashi, surukina ya ce a hankali, "Shekara nawa muka yi muna hita daga duhu, kai ka maishe mu ciki wuni guda." Sai ya tafi alwala.

Har yau duk damina, in zan kai matata gida, a bakin laka nake ajiye babur mu ƙarasa da ƙafa, ita a gaba. Yara kuma in sun hango ni sai su ce ga ladanin rumbu nan. Abin da na koya bai da yawa: kafin ka gyara gidan mutane domin baƙo, ka fara tambayar baƙon me ya zo gani, kuma in har sai ka ɓoye waya, ka kashe ta tukuna.